Takalmi ko na'urar GPS: wanne za a fara saya kafin shiga gandun daji?

Tambaya: Malam, wata ƙungiyar masu tattaki ta gayyace ni zuwa wani gandun daji da mutane ba su cika sani ba, irin wanda itatuwansa na asali ne, ba dashe ba. Tafiyar yini guda ce, wai kilomita 12. Kuɗin hannuna ba za su kai in haɗa takalmin daji da na'urar GPS ba. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Ɗan'uwa, sayi takalmi. Wayar da ke aljihunka tana da GPS, wato tsarin da ke nuna wa mutum inda yake a taswira, kuma da tauraron ɗan'adam yake aiki, ko babu sabis zai nuna inda kake, muddin ka sauke taswirar wurin tun kana gida. Ƙafa kuwa ba ta da madadi.

Ka je saye da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura saboda zirga-zirgar yini, kuma ka gwada shi da safar da za ka sa ranar tafiyar. A bar tazarar faɗin babban yatsa tsakanin yatsunka da ƙarshen takalmin ta gaba, domin a gangare ƙafa gaba take zamewa, farce ya yi ta dukan fata har ya yi baƙi. Juya shi ka duba ƙasansa: kana son zane mai zurfi wanda zai kama laka da jiƙaƙƙiyar saiwa. In ya rufe idon sawu, ya fi. Safa kuma ta ulu ko ta roba, don auduga tana riƙe gumi, jiƙaƙƙiyar fata ce ke saurin yin bororo.

Abin da na fi damuwa da shi shi ne kada ka fara sa shi ranar tafiyar. Na taɓa ganin wani saurayi da sabon takalmi fil, kafin azahar ya zauna kan wani faɗaɗɗen icce yana ɓamɓare safa daga dunduniyarsa, ta manne da jini. Muka raba kayansa tsakaninmu, ya ƙarasa yana ɗingishi, duhu ya kusa riskar mu duka. Ka yi sati biyu kana yawo da shi tukuna.

Sai batun kilomita 12 ɗin. Akwai wani lissafi da William Naismith, mai hawan duwatsu ɗan Sikotilan, ya fitar a 1892: awa ɗaya ga kowace kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. Wannan na lafiyayyen mutum ne a buɗaɗɗiyar hanya. A dajin da ba a cika takawa ba, inda ake tsallake kututture ana ratsa rafi, ni ninka shi nake yi. Don haka ka tambayi jagoranku: ya taɓa bin hanyar da ƙafarsa? Ƙarfe nawa za a juyo, ko an kai ko ba a kai ba? Wa aka bar wa labarin inda kuka nufa? Akwai izinin shiga? In ya hau kame-kame, ka jira wata tafiyar. Da canjin da ya rage ka sayi usur da tocilar goshi. Busa uku a jere alamar neman agaji ce, kuma ƙarƙashin manyan itatuwa duhu yana riga faɗuwar rana.

Tambaya: Shugabar ƙungiyarmu ta ce kowa ya wanke ƙasan takalminsa kafin mu shiga dajin. Ba tsanani ba ne wannan?

Amsa: 'Yar'uwa, tana da gaskiya. Ƙasar da ke maƙale a takalmi tana ɗauke da irin ciyayi da ƙwayoyin cuta daga wani daji zuwa wani. A Niyuzilan akwai icen kauri, wanda kan haura shekara 1,000 a raye. Wata cuta da ke zaune cikin ƙasa tana ruɓar da saiwarsa, har sai da aka rufe yawancin hanyoyin dajin Waitakere a 2018. Tsohon buroshi da ruwa sun isa. Ki kankare lakar tas kafin shiga da bayan fita, har da bakin sandarki.

Tambaya: In sayi madubin hangen nesa don kallon tsuntsaye?

Amsa: A karon farko, ara. Cikin kurmi za ka fi jin tsuntsu fiye da ganinsa. In abin ya shiga ranka, nemi mai lamba 8x42, wato mai ninka girman abu sau 8: ya fi mai ninki 10 faɗin gani, kuma hoton bai cika rawa a hannu ba idan ka ɗaga kai kana bin tsuntsu tsakanin rassa.