Ku Tambaya Mu Amsa: Furen Mambila ya ƙi zama a Jalingo

TAMBAYA: Salam malam, na je biki Gembu watan jiya na ga wasu furanni a bakin kurmi da ban taɓa ganin irinsu ba, na sa aka tono min biyu da saiwarsu na dasa a tukunya, kullum ruwa safe da yamma amma ko sati biyu ba su yi ba suka bushe ƙarmas. Ƙasar ce ko hannuna ne ba kyau? Daga wata mai karatu, Jalingo.

AMSA: Wa alaikissalam hajiya, hannunki lafiyarsa lau, zafi ne ya gama da su. Duk mita 1,000 da aka hau sama zafi na raguwa da kamar digiri 6, ita kuwa Mambila ta haura mita 1,500, ga Chappal Waddi nan kusa mai mita 2,419 wanda babu dutsen da ya kai shi a Najeriya, to kinga shukar da ta tashi cikin hazo da sanyin can kin sauko da ita Jalingo ai sai a hankali.

Abin da ya same ki shi ne yake tsare su a can tun asali. Shukar kan dutse kamar a tsibiri take, ba ta iya saukowa ta ratsa zafin kwari ta kai wani dutsen, haka za ta zauna dubban shekaru ita da zuriyarta har ta sauya kama ta zama iri na daban da babu shi ko'ina a duniya sai nan.

A gabashin Afirka abin ya fi fitowa fili. Akwai wata shuka da masana ke kira Dendrosenecio, in kin ganta kamar an ɗora ƙaton kabeji kan gungume, ta fi mutum tsawo nesa, Kilimanjaro mai mita 5,895 yana da irin tasa, Dutsen Kenya da tasa, Ruwenzori ma haka. Can sama kullum da rana ƙuna da dare ƙanƙara, sai ta ƙi zubar da busassun ganyenta suna lulluɓe gangar jikin kamar bargo, in dare ya yi kuma ɗanyun ganyen su tattaro su rufe tsakiya. Wallahi ni dabarar nan ta fi furen burge ni. A duwatsun Andes na Kolombiya da Benezuwela ma akwai Espeletia mai irin wannan bargon.

In dai furen dutse kike so a tukunya, nemi Saintpaulia wurin masu sayar da fulawa, asalinta duwatsun Usambara ne a Tanzaniya, a 1892 wani Bajamushe ya aika irinta Turai. Ita kam ta yarda da zaman gida, amma a inuwa, ɗaki mai sanyi-sanyi, kuma kar ki zuba mata ruwa a ganye. Tono daga daji kuwa don Allah a bari, musamman kurmin Ngel Nyaki da ke can Mambila, gandun da aka keɓe ne.