Ma'anar kalmar "rein" da yadda Turawa ke sarrafa ta

Tambaya: Malam, na karanta a jaridar Turanci cewa sabon shugaba "took the reins". Na duba ƙamus, na ga wai rein igiyar doki ce. Me ya haɗa shugaba da doki? Kuma wanne ne daidai, "free rein" ko "free reign"?

Amsa: Ɗan'uwa, ƙamus ya faɗa maka gaskiya. Rein ita ce igiyar da ake ɗaurawa a gefen linzami, dama da hagu, mahayi ya riƙe a hannu. Masu dawaki a wajenmu kamazuru suke ce mata. Da yake gefe biyu ne, an fi jin ta a jam'i, reins. Turanci ya aro ta daga tsohon Faransanci, tushenta kuma kalmar Latin ce, retinere, wato riƙewa.

Abin da ka karanta kuwa, ai mu ma haka muke faɗa: ya karɓi ragamar mulki. Wanda igiya ke hannunsa shi ke juya dabba. In an ce "hand over the reins", an miƙa ragama ke nan.

Wadda na fi so ka kama da kyau ita ce "rein in". Ka tuna jafi ranar hawan sallah: mahaya su sako dawaki a sukwane, sai dab da sarki su ja linzami, doki ya turje, ƙura ta tashi. To wannan jan shi ne "rein in". Ana faɗarta ga gwamnatin da ke son rage kashe kuɗi, ko uban da ke taka wa ɗansa burki, ko mai haɗiye fushinsa. "Keep a tight rein on" kuma shi ne riƙon da ba sassauci.

Tambayarka ta biyu, "free rein" ne daidai. An saki linzami, doki ya bi inda ya ga dama. Haka maigida zai sakar wa yaronsa mara ya tafiyar da shago yadda ya so. Reign sarauta ce ko zamanin sarki, daga Latin regnum, ba dangin rein ba ce. Furucinsu ɗaya ne da rain, ruwan sama, shi ya sa har Turawan kansu ke yawan ruɗewa a rubutu. Kai dai in kana nufin doki da igiyarsa, kada ka saka harafin g.