Hukuncin Ware Gyaɗa Mai Kyau Don Ranar Gwaji Kawai

Tambaya:

Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni ce shugabar wata ƙungiyar mata a nan Damagaram, muna yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Wani mai babban kanti a Yamai ya ce zai riƙa ɗaukar kayanmu, amma sai mun kawo takardar gwaji da shaidar inganci daga hukuma. Mutumin da ke taimaka mana da harkar takardu ya ce mu ware buhu biyu na sabuwar gyaɗa, mu tsince ta tsaf, man da muka samu daga ita shi za a kai gwaji. Ya kuma ce mu cika littafin aiki na wata shida da ba mu rubuta ba, kafin masu dubawa su zo. Gaskiya Malam, idan bazara ta yi gyaɗa ta yi tsada, mukan haɗa da tsohuwa mai araha, har da wadda ta ɗan canja launi. Wani malami a unguwarmu ya ce ba komai, wai wannan ka'idar Turawa ce ba shari'a ba, kuɗin da ake biya kuma harajin zalunci ne, ya halatta a yi masu dabara. Shin kuɗin takardar halal ne? Kuma mu yi abin da aka ce mana?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Hajiya, Allah ya sa albarka a sana'arku, ya saka maki da ba ki ɓoye abin da ya fi nauyin faɗa ba.

Neman takardar shaidar inganci halal ne, kuɗin gwaji ladan aiki ne kamar ladan mai awo, ba a saɓa a kan haka ba. Abin da za a miƙa wa mai dubawa a ɓoye don ya kau da kai cin hanci ne, shi ma babu saɓani. Cika littafin wata shida da ranakun da ba a rubuta ba ƙarya ce rubutacciya, kada ki yarda hannunki ya taɓa ta. Ku buɗe sabon littafi daga yau, idan sun zo ku ce ga ranar da muka fara.

Inda hukuncin yake juyawa shi ne buhu biyun nan. Tsince gyaɗa ba laifi ba ne, shi ne ma aikin da ake so. Tambayar ita ce: gobe, bayan an buga hatimi, wace gyaɗa za ta shiga inji? Idan daga ranar gwaji duk man da zai tafi Yamai irin na buhu biyun nan ne, samfurinku gaskiya ya faɗa, takardarku halal, ribarku halal. Idan kuwa za a koma haɗawa da tsohuwa alhali tambarin yana manne a jikin jarka, to algus ne, haramun ne, kuma ya fi algus ɗin kasuwa muni, domin an jawo mai gwaji ya yi shaida a kan abin da bai gani ba. Kin san hadisin tulin abincin da aka sa busasshe a sama, jiƙaƙƙe a ƙasa. Buhu biyunku su ne saman tulin.

Kin ambaci gyaɗar da ta "ɗan canja launi" kamar a wuce, ni kuwa nan hankalina ya tsaya. Gyaɗar da ba ta bushe sosai ba, ko ta sha danshi a ɗaki, takan yi fumfuna, fumfunar kuma tana haifar da guba da ake kira afalatoksin. A 1960 aka fara gano ta, bayan talo-talo kusan 100,000 sun mutu a Ingila saboda tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Barazil. A 2004 mutum 125 suka rasu a Kenya daga cin masara mai ɗauke da ita. Suya ba ta kashe ta, kuma ta fi zama a tunkuza fiye da a mai, wato a cikin ƙuli-ƙulin da yaro zai saya da dala biyar a ƙofar makaranta. A hankali take cin hanta, ta fi tsanani ga mai ciwon hanta nau'in B, wanda kin san ba baƙo ba ne a gidajenmu. Hukumar Codex mai sa ka'idojin abinci ta duniya ta sa iyakar mikirogiram 15 a kilo ga gyaɗar da za a sarrafa, Tarayyar Turai kuma 4 ga wadda za a ci kai tsaye, mikirogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. Babu idon da zai ga wannan, babu harshen da zai ɗanɗano shi. Shi ya sa mai saye ya jingina da takarda.

Sai maganar malamin unguwarku, Allah ya ƙara masa ilimi. Na sha jin wannan ra'ayi a bakin 'yan kasuwa daga Kasuwar Dole har Magariya, don haka zan ɗan tsawaita.

Yana da ɗan abin riƙo: akwai malaman da suka sassauta wa mutum ya ɓoye dukiyarsa daga azzalumin da zai ƙwace ta ba da haƙƙi ba. Amma wannan sassauci don kare dukiyarka ne daga mai ƙwace. A nan wa ya zo ƙwace? Ku kuka tafi da ƙafarku kuka nemi a gwada kayanku don ku samu kasuwar da ba ku da ita. Wanda ya nemi shaida da kansa, ya sa hannu a kan sharaɗinta, ba zai dawo ya kira ta zalunci ba, Musulmi suna kan sharuɗɗansu. Sannan a duba wanda dabarar za ta faɗa wa. Mai gwaji albashinsa zai ɗauka ko kun yi gaskiya ko kun yi ƙarya. Wadda aka yaudara ita ce matar da ta tsaya a kanti a Yamai, ta ga hatimi, ta ƙara kuɗi a kan na man da ake aunawa a kwalba don tana tsoron lafiyar 'ya'yanta. Ita ba Baturiya ba ce, ba kuma mai karɓar haraji ba ce. Ko da ma ba Musulma ba ce, yaudararta ba ta halatta.

Cewa ka'idar ta Turawa ce, wannan bai rage mata komai ba. Kilon da kuke auna gyaɗa da shi da litar da kuke zuba mai daga Faransa suka fito, akwai wanda ya taɓa cewa tauye lita halal ne saboda ba mudun Madina ba ne? A zamanin Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, dinarin Rumawa da dirhamin Farisawa ake ciniki da su, da su aka ƙayyade zakka, sai a zamanin Abdulmalik ɗan Marwan aka buga kuɗin Musulunci na kansa. Ma'auni idan mutane suka yarda da shi ya zama al'ada, al'ada kuma a mazhabarmu hukunci ake yi da ita.

Kuma aikin kansa ba baƙo ba ne a wurinmu. Tun kafin a kafa ISO, ƙungiyar duniya mai rubuta ka'idojin inganci, a 1947, da shekaru fiye da dubu, garuruwan Musulmi suna da muhtasibi mai zaga kasuwa yana duba mudu da sikeli da burodi da nono. Malamin Malikiyya Yahaya ɗan Umar, wanda ya rasu a 289 bayan Hijira, littafi guda ya yi a kan hukunce-hukuncen kasuwa. Risalar da muka karanta a zaure ta hana haɗa mummuna da kyakkyawa, ta hana ɓoye abin da da mai saye ya ji zai ƙi kayan ko ya rage kuɗi. Ki tambayi kanki: da mai kantin nan ya san gyaɗar bazara, zai ɗauka a wannan farashi?

Abin da ya fi kama da mas'alarki kuwa shi ne cinikin barnamaj da Imamu Malik ya halatta a Muwaɗɗa: a sayar da dilar tufafi ba a kwance ta ba, a kan takardar da ta faɗi abin da ke ciki. Ya ce cinikin ya lizimci mai saye idan kayan sun dace da takardar. Sauran malamai da dama sun tsananta a nan, mazhabarmu ta sauƙaƙa don maslahar 'yan kasuwa, amma da wannan sharaɗi. Tambarin da ke jikin jarkarku barnamaj ne. Idan ya saɓa wa abin da ke ciki, mai saye yana da haƙƙin mayarwa, ku kuma kuna da zunubi. Saboda haka wanda ya ce takarda ba ta cikin shari'a, to bai lura cewa fikihun da yake bi ya gina ciniki sukutum a kan gaskiyar takarda ba.

In an ce kowa haka yake yi, yawan masu yi ba ya halatta haram. In an ce kakanninmu sun ci ba abin da ya same su, su a rumbunsu suke ajiye gyaɗa da ɓawonta, su ɓare abin da za su ci, tsohuwa ta zauna da faifai ta zubar da ruɓaɓɓiya. Kuma Allah kaɗai ya san nawa suka tafi da kumburin ciki ba a san dalili ba.

Akwai wani abu da ba ki tambaya ba. Idan mai takardun nan ya ce ku buga "ISO 9001" a jikin jarka, ki yi hattara. ISO da kanta ba ta ba kowa takarda, ka'ida take rubutawa, wasu hukumomi ne ke dubawa su bayar. ISO 9001 kuma shaida ce a kan tsarin gudanar da aiki, ba a kan man da ke cikin jarka ba. A nan Nijar hukumar ANMC ce ke kula da ka'idoji da ma'auni da shaidar inganci, ki je ko ki aika a ji daga bakinsu abin da ya halatta ku rubuta. Mutumin da ya fara da koya maku cika littafi da ƙarya, ban ga dalilin da za ki damƙa masa sunan ƙungiya ba.

Na san nauyin da ke kanki. Mata ne ke jiran rabonsu, wasu marayu ne a hannunsu, kasuwar Yamai kuma ba kullum take ƙwanƙwasa ƙofa ba. Ki tara su ki gaya masu abin da ake ciki, kada ki yanke ke kaɗai, amanarsu ce a wuyanki. Ku sayi gyaɗar ku da kaka daga Matamaye ko Kance lokacin da take da sauƙi, gwargwadon ƙarfinku, ku tabbata ta bushe har tana ƙara idan an girgiza. Ku ɗora buhuna a kan katako nesa da bango, wanda ya fara shiga ya fara fita. Kowace tatsa a rubuta ranarta da inda gyaɗar ta fito, idan matsala ta taso a san buhun da za a nema. Wannan shi ne abin da masana harkar inganci ke kira tsara, aikata, duba, gyara, ba sai da kwamfuta ba, littafi da biro da mace ɗaya mai tsoron Allah sun isa. Idan tsincewa ta ƙara kuɗi, ku faɗa wa mai kantin ya ƙara farashi, ko ku ce masa wata kaza za mu iya kawowa, wata kaza ba za mu iya ba.

Wadda aka tsince mai fumfuna kuma, kada a mayar da ita ƙuli-ƙulin unguwa a ce ai ba mai hatimi ba ne, yaran Garin Malam da na Birni a nan Damagaram hantarsu ɗaya da na Yamai. Kada a ba saniya ko akuyar da ake tatsa, gubar tana bi ta cikin nono. Man da aka tatsa daga gyaɗar nan a yi sabulu da shi. Abin da ya wuce kafin ku san illarsa, ku yi istigfari ku daina, ba na ganin sai kun fitar da kuɗin da kuka riga kuka raba.

Wallahu a'alam.