Dodanni a Littafin Matasa na Kirista: In Ƙwace Ko In Bar Ta?

Tambaya: Malam, salama cikin sunan Ubangiji. Ni uwa ce daga Tudun Wada a nan Jos. 'Yata mai shekara 14 ta aro wani ƙagaggen labari na Turanci wanda aka ce marubucinsa Kirista ne, amma cike yake da dodannin nan masu fukafukai da ke furzar da wuta, har wasunsu abokan jaruman labarin ne. Na karanta babi uku, raina bai kwanta ba, domin na san da wannan siffa aka kwatanta Shaiɗan a Wahayin Yahaya. In ƙwace littafin ko in bar ta?

Amsa: Mama, salama gare ki, kuma madalla da kika buɗe littafin da kanki kafin ki yanke hukunci. Damuwarki tana da tushe. A Wahayin Yahaya sura 12 an nuna wani jan dodo mai kai bakwai da ƙaho goma, aya ta 9 kuwa ta fito fili ta ce shi ne macijin nan na tun dā, wanda ake kira Iblis da Shaiɗan. Kalmar Helenanci da aka yi amfani da ita a wurin tana nufin ƙaton maciji, kuma daga gare ta Turawa suka samo sunan da suke kiran wannan dodo.

Sai dai ba nan kaɗai Littafi Mai Tsarki ya ambaci irin wannan halitta ba. A Ayuba sura 41 Allah da kansa yake bayyana Lewiyatan, mai fitar da tartsatsin wuta daga baki da hayaƙi daga hanci, kuma yana maganarsa ne a matsayin aikin hannunsa, don Ayuba ya san iyakarsa. Zabura 104:26 ma ta ce Allah ya yi shi ne don ya yi wasa a cikin teku. Ashe siffar ba mallakar Shaiɗan ba ce, abin dubawa shi ne aikin da marubuci ya sa ta yi.

Misalin da na fi so shi ne na marubucin nan Kirista C. S. Lewis, a ɗaya daga cikin littattafansa bakwai na Narniya, wanda ya fito a 1952. Wani yaro mai son kai ya kwanta a kan tarin dukiyar dodo zuciyarsa cike da kwaɗayi, da ya farka sai ya tarar shi ma ya zama dodo. Sau uku yana saɓule fatarsa, sau uku yana iske wata a ƙarƙashi, sai da zaki Aslan, wanda yake a matsayin Almasihu a labarin, ya sa farce ya yage ta har ciki, ya jefa shi cikin ruwa, sannan ya koma mutum. A ganina, da wuya a samu wa'azin da zai fahimtar da matashi cewa mutum ba ya iya wanke kansa daga zunubi kamar yadda wannan babi ya yi. Mu ma ai da tatsuniyar dodo muka tashi, ga labarin Bayajidda da macijin rijiyar Kusugu a Daura, ba wanda ya bauɗe saboda jin su.

Inda zan ja kunnenki shi ne, rubuta "na Kirista" a bangon littafi ba shaida ba ce. Wasu marubutan tsafi da zubar da jini suke zubawa, su liƙa aya guda a ƙarshe don iyaye su saya. Saboda haka ki ƙarasa littafin, kina lura da inda jaruman suke samun ikonsu, ko daga Mahalicci ne ko daga kiran ruhohi, da kuma ko mugunta tana da sakamako a labarin ko ado aka mayar da ita. Dodon kirki shi kaɗai bai dame ni ba, muddin labarin ya nuna shi halitta ne mai biyayya ga wanda ya yi shi.

Ban ba ki shawarar ƙwacewa ba tukuna, domin yarinya mai shekarunta za ta iya neman sa ta waya ta karanta a ɓoye. Gara ki zauna da ita da yamma, ku karanta Ayuba 41 da Wahayi 12 tare, sannan ki tambaye ta wanne daga cikin biyun dodon littafinta ya fi kama da shi, kuma don me.