Tambaya da Amsa: Ɗinkin Haɗaka da Maganar da Ke Sosa Rai

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina shugabantar ƙungiyar mata mu talatin a Kaduna, wasu daga Tudun Wada da Rigasa, wasu daga Barnawa da Sabon Tasha. Faɗa bai taɓa haɗa mu ba, amma magana takan suɓuce, irin su "Ashe kin iya Hausa haka!" ko "Ke kam kin waye, kamar ba 'yar Rigasa ba." Wadda aka gaya wa sai ta haɗiye, mako mai zuwa a neme ta a rasa. An ba ni shawarar mu yi ɗinkin haɗaka a kan wannan. Yaya ake yin sa? Daga wata malama, Barnawa.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Wannan ƙaramin rainin, wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Chester Pierce, ya yi rubutu a kansa tun 1970: magana ce da mai ita yake ganin yabo ya yi ko wasa, alhali ta fito daga wani zato da ya kwanta masa a zuciya bai sani ba. A Kaduna zaton yana da wurin kwana, domin tun rikicin 2000 mutane suka ja zama ta wannan gefen kogi da wancan, yara da yawa suka tashi ba su san juna ba sai a labari.

Ɗinkin haɗaka shi ne kowace mace ta ɗinka magana a kan fallen yadi ɗaya, a haɗa fallayen su zama babban zane guda da za a rataye. Kayan aiki ba su da yawa. Ki sayi farin yadin auduga yadi 4, mai faɗin inci 45. Kowane yadi zai ba ki falle 9 masu inci 12 kowane gefe, jimilla 36, shida na ajiya ke nan saboda ɓarna. Ki wanke shi ki goge kafin a yanka, in ba haka ba ranar wankin farko zai tsuke, ɗinkin ya tattare. Sai allin tela, allurai, zaren ɗinkin hula, da ƙyallayen atamfa, waɗanda telolin Kasuwar Barci ke da su buhu-buhu. Kowane ƙyalle a jiƙa shi a ruwa tukuna, wanda ya yi zuba a cire shi. A zana iyaka inci 1 daga kowane baki, kada ado ya tsallake ta, don nan keke zai bi.

Inda aikin yake shi ne zaman farko, kuma ranar ba a taɓa allura. Kowace mace ta rubuta jimla biyu a takardu daban, ba suna: abin da aka taɓa gaya mata ya sosa mata rai, da abin da ita ta taɓa faɗa ko ta zata game da wata. Wadda ba ta rubutu ta raɗa wa wadda ta amince da ita. Kada ki bari a tsallake ta biyun. In aka tsallake ta, zauren zai rabu gida biyu, masu ƙara da waɗanda ake ƙara, kuma ba mai dawowa wurin da ake yi mata shari'a.

A zuba takardun a ƙwarya, kowa ta ɗauki ɗaya da za ta ɗinka a fallenta, in tata ce ta mayar. Mun fi ba wannan matakin muhimmanci a kan duk sauran. Jimlar da baki ke furtawa cikin daƙiƙa biyu, allura takan kwashe awa biyu ko uku tana bin ta harafi bayan harafi. Matar da ta wuni tana ɗinka "Ku ma kuna wanka kullum?" ta zauna da zafin maganar yadda nasiha ba za ta zaunar da ita ba. Jimla kada ta wuce kalma 7, haruffa su kai inci 1 da rabi, don ƙanana sukan cukurkuɗe a zare.

Bayan an gama ɗinka jimlolin, a zama na huɗu a jera fallayen 5 a kwance, 6 a tsaye, da ƙyallen atamfa tsakaninsu wanda zai fito inci 2 bayan ɗinki. Zai tashi inci 58 da 70. A yi masa shafi, a bar ƙofa a sama da za a zura gora, in ba haka ba tsakiyarsa zai zubo idan an rataye.

TAMBAYA: In wata ta rubuta kalma mai nauyi kamar "arne", a ɗinka ta haka? Daga wani tela, Kakuri.

AMSA: Maigida, a ɗinka ta, amma a rufe ta da marfin ƙyalle mai maɓalli, a saman marfin kuma a ɗinka sunan da mutanen ke kiran kansu, Bajju ne, Atyap ne, ko Gbagyi. Kalmar zagi da manyan haruffa a bango sabon rauni ce ga duk wanda ya wuce, yara kuma haddace ta za su yi. Sunan mutum, makaranta, coci ko masallaci kada ya hau yadin ko kaɗan. Kafin a kai shi bainar jama'a, waɗanda suka ɗinka su fara ganin sa su kaɗai, wadda ta ce a cire fallen da ke ɗauke da maganarta a cire, a sa ɗaya daga cikin shidan nan. Zato kuma yakan dawo bayan an watse, don haka a sake zama bayan wata uku, a ƙara sabon layi a ƙasa.