Hoton ƙanƙara ya jawo maka kawu da ɗan kamasho

Wasiƙar wannan mako daga wani ɗalibi ce, ɗan unguwar Bagalam ta Maradi, mai karatu a Grenoble ta Faransa. Ya ce: "Baba Malam, Asabar da Lahadi ina aiki a shagon hayar kayan siki (wasan zamiya kan dusar ƙanƙara) a Chamrousse, kan dutse kusa da Grenoble. Abokan aiki suka koya mini zamiya kan dusar ƙanƙara, na sa hoton a WhatsApp. Tun ranar kawuna ya ce mai kuɗin wasa ba ya kukan babu. Yana so in jingine karatu in yi aikin har ƙarshen sanyi, in turo jaka 800 a ba wani ɗan kamasho da zai kawo ƙanena Faransa da takardar ma'aikacin lokaci, ya yi aiki a wuraren siki. Inna kuma ta ji ina gudu da asuba cikin sanyi, ta ce in bari."

Ɗana, kada ko dala ta fita daga hannunka zuwa wurin mutumin nan. Takardar ma'aikacin lokaci gaskiya ce, akwai ta, amma mai aikin da ke Faransa ne yake neman izinin ɗaukar mutum, shi ne kuma yake biyan kuɗin hukuma. Ba a sayar da ita a rumfar kasuwar Maradi. Mai ita ma wata shida kawai yake aiki cikin sha biyu, ya koma gida. Sannan ka tambayi ɗan kamashon ta ina zai fitar da biza, tunda ofishin jakadancin Faransa a Yamai yana rufe tun Janairun 2024. Zai ce yana da hanya ta Kwatano ko ta Abuja. Duka haka suke cewa. Na ga gidan da aka jinginar da gona saboda irin wannan magana, aka ba su kwantaragi mai hatimi har biyu, da aka buga lambar otal ɗin da aka ce yaron zai yi wa aiki sai aka tarar babu shi. Yaron yana nan yana kabu-kabu, gonar tana hannun wani.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne batun jingine karatu. Ka san katin zamanka na ɗalibi awa 964 na aiki ya yarje maka a shekara. Lokacin siki daga Disamba ne zuwa Afrilu. In ka yi shi cur, awa 35 a mako, ka cinye kusan awa 700, ban da abin da ka riga ka yi a hutun bazara. Ko ba ka tsallake iyaka ba, jarrabawar Janairu tana tsakiyar lokacin. Ranar sabunta kati sakamakonka za su duba, su ga ko da gaske kake karatun. Kawu ba zai tsaya maka a layin nan ba, in kuma aka ba ka takardar barin ƙasa, shi ne zai fara cewa yaron ya lalace.

Ina bayanka a kan kawu. Kallon kitse yake yi wa rogo: ya ga farin dutse da tabarau, bai ga kai ne kake goge wa wasu takalma ba. Zumunci wajibi ne, amma ɗalibi ba ya ɗaukar gida uku. Yanke abin da za ka iya duk wata, ka tura wa inna kai tsaye, ka faɗa wa kawu adadin da ladabi, sau ɗaya. Kuma ka rage sa hotuna, don Allah.

Wasan kansa kada ka ji kunyarsa. Wanda ya kulle kansa a ɗaki wata huɗu, rana na faɗuwa ƙarfe biyar, shi ne damuwa take kayarwa. Sai dai ka tsaya kan hanyoyi masu sauƙi, masu alamar kore da shuɗi, ka bar masu wuya na ja da baƙi tukuna. In ka karye a kan hanyar siki, sauko da kai kuɗi ne, inshorar lafiya ta gwamnati ba ta biyansa. Ka sayi ƙaramar inshorar da ake haɗawa da tikitin injin hawa dutse, ko ka tambayi maigidanka abin da tasa ta ƙunsa a ranar da ba ka bakin aiki.

Inna kuwa tana da rabin gaskiya. Hunturun da ta sani ba ya daskarar da ruwa, naka yana yi. Kada ka yi gudu da rigar auduga, tana riƙe gumi ta sanyaya jiki. Rufe kunne da yatsu, domin a baƙar fata ba a saurin ganin alamar cizon sanyi. In wuri ya mutu ba ka jin sa, ka shiga ɗaki ka sa shi a ruwa mai ɗumi, ban da murzawa. Ranar da ƙasa ta yi santsi ka mayar da gudun bayan azahar, ka kira ta ka faɗa mata ka ji maganarta.