Zaton wajibi a jarrabawar LSAT: me ya sa amsar da ta fi ƙarfi take kayar da ni?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Amurka, na gama digirin farko, ina shirin rubuta LSAT don neman gurbin karatun lauya, saura wata biyu. Tambayoyin da ake cewa a nemo zaton da hujja ta dogara a kansa sun hana ni barci. Kullum sai in rage zaɓi biyu, in ɗauki wanda ya fi ƙarfafa hujjar, in duba in tarar ɗayan ne daidai. Wani mai koyarwa da na biya kuɗi ya ce in riƙa soke duk amsar da ke ɗauke da "all" (duka) ko "never" (ba a taɓa ba). Na bi maganarsa, har yanzu ina faɗuwa. Ko dai kaina ne ba na lauya ba?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kanki lafiya lau. Wanda ke rage zaɓi biyar zuwa biyu ya fahimci hujjar, abin da ya rage masa shi ne sanin me ake tambayarsa. Kuma kin yi daidai da kika damu, domin tun watan Agustan 2024 da hukumar LSAC, mai shirya jarrabawar, ta cire sashen wasannin lissafin tunani, sassa biyu cikin ukun da ake ba maki duk na nazarin hujja ne. Wannan nau'in tambaya ba ya kaucuwa.

Ciwonki shi ne wanda nake gani kusan kullum: ɗalibi ya ɗauka aikinsa ya taimaki mai hujja ya ci nasara. Sai ya nemi amsar da in an ɗora ta, magana ta ƙare. Wannan aikin wata tambaya ce daban, ta zato mai wadatarwa, wadda za ki ga "if assumed" a cikinta. Idan kuwa kika ga "depends on" ko "requires", ana neman zaton wajibi, wato abin da in babu shi hujjar ta rushe, ko da samuwarsa ba ta tabbatar da komai ba.

Kin san wannan tun a Islamiyya, sunan ne kawai ya canza. Malaman usulu suna cewa sharaɗi shi ne abin da rashinsa ke jawo rashin abu, amma samuwarsa ba ta tilasta samuwar abin. Alwala ke nan ga salla. Ba tsarki, ba salla. Amma don kin ga mutum ya yi alwala ba za ki rantse ya yi salla ba, wataƙila Alƙur'ani zai ɗauka. Zaton wajibi alwala ne. Ke kuma kina shiga jarrabawa kina neman wanda ya riga ya sallame.

Ga misali. Hukumar wani gari ta saka fitilu a titunan wata unguwa bara. Ƙarar sata da ake kaiwa ofishin 'yan sanda daga unguwar ta ragu. Saboda haka fitilun sun rage sata. Zaɓi na farko ya ce: fitilu su ne hanya mafi inganci ta rage sata a kowace unguwa. Na biyu ya ce: ba duka raguwar ce ta samo asali daga gajiyar da mutane suka yi da kai ƙara ba. Na san inda hannunki zai tafi. Na farkon yana da kwarjini, na biyun kamar mai jin kunya. To, ki ƙaryata kowanne ki gani. A ce fitilu ba su ne mafi inganci a kowace unguwa ba, akwai inda 'yan sintiri suka fi su. Shin hakan ya hana su rage sata a wannan unguwar? Ko kaɗan. Hujja tana nan da ƙafarta. Yanzu ki ƙaryata na biyu: duk raguwar daga daina kai ƙara ta zo. Shi ke nan, ɓarayi suna nan yadda suke, littafin 'yan sanda ne ya rame. Hujja ta mutu. Wanda ƙaryata shi ya kashe hujja, shi ne amsa.

Ki lura da abin da ya sa na farkon ya ruɗe ki. Ya yi wa mai hujja alkawarin abin da bai nema ba. Shi unguwa ɗaya ya yi magana a kai, zaɓin ya kwaso duk unguwannin duniya. Masu tsara jarrabawar sun san ɗalibi yana son amsa mai cika ido, don haka da gangan suke ajiye ta kusa da ta gaskiya. Kuma abin da ke ba ni takaici, ɗalibi zai faɗa wannan rami sau goma, ya duba amsa, ya ce "au, ashe B ce", ya wuce. Bai tsaya ya tambayi kansa me ya ja shi zuwa D ba. Gobe ramin yana nan yana jiransa.

Sai maganar malaminki. Ya ga mutane suna faɗawa rijiya ta dama, sai ya tura ki ta hagu. Gaskiya ne amsar zaton wajibi takan zo da lafazi mai sauƙi, amma "takan" ba doka ba ce. Ƙarfin zaton yana bin ƙarfin abin da aka yanke. Idan aka ce: an karɓe makullan duk ma'aikata, saboda haka babu ma'aikacin da zai iya shiga ɗakin ajiya, me hujjar ke buƙata? Cewa babu ko ɗaya daga cikinsu da zai iya shiga ba da makulli ba. Lafazi mai tsauri, kuma wajibi ne, domin mutum ɗaya ya san hanyar taga, magana ta ɓaci. Da dabarar malaminki kin soke amsar daidai tun kafin ki karanta ta. Irin waɗannan masu sayar da sirrin jarrabawa sun ishe ni. Suna karɓar kuɗin yara su koya masu kallon kalma maimakon karanta magana, alhali aikin da yaran ke nema gaba ɗayansa karanta magana ne. Lauyan da ke soke sakin layi a yarjejeniya don ya ga "duka" a ciki, wa zai ba shi shari'arsa?

Wurin ƙaryatawar ma akwai inda ake zamewa. Ƙaryata "duka" shi ne "ba duka ba", kada ki tsallaka zuwa "babu ko ɗaya". Ƙaryata "wasu" shi ne "babu ko ɗaya". "Mafi yawa" kuma ya koma rabi ko ƙasa da haka. In kika wuce gona da iri wajen ƙaryatawa, amsar banza ma sai ta yi kamar ta rusa hujja.

Kada ki gwada wannan a kan zaɓi biyar ɗin duka. Minti 35 ne ga tambayoyi kusan 25, ba ki kai minti ɗaya da rabi ga kowace ba. Ki fara gano abin da aka yanke da dalilin da aka bayar, ki ga gibin da ke tsakaninsu, ki zubar da waɗanda ba su shafi zancen ba, sannan ki auna biyun da suka rage.

A wata biyun nan ki tsaya kan tsofaffin jarrabawoyin LSAC na ainihi da ke LawHub, shafin intanet na hukumar, ki bar tambayoyin da wani ya ƙirƙira a ɗakinsa. Ki ware littafi guda. Duk wadda kika faɗi, ki rubuta ƙaryatawar amsar da kika zaɓa da ta amsar daidai, da hannunki, da Hausa ma in kin so, har sai kin ga wacce ta kashe hujjar. Makon farko ki ajiye agogo gefe, ko da tambaya ɗaya za ta ci miki minti goma. Daga mako na biyu sai ki dawo da shi. Allah ya ba da sa'a.